Chippewa, Ojibwe ko Anishinaabe: wane suna ya dace a rubuta, kuma a wane wuri?

Ɗan'uwa, ka ce kana fassara wani labari ne daga arewacin Amurka, sai ka tarar a sakin layi na farko an kira mutanen Chippewa, a na biyu an ce Ojibwe, sannan da aka zo kan maganar shugabansu sai ya kira jama'arsa Anishinaabe. Kana so ka san ko al'umma ɗaya ce ko uku, wane suna ya kamata ka ɗauka a rubutun Hausa, kuma ko akwai raini a cikin kalmar Chippewa kamar yadda wani ya gaya maka. Al'umma ɗaya ce, kuma Chippewa ba zagi ba ne. Sai dai kowanne daga cikin sunayen uku yana da wurin da ya fi dacewa da shi, kuma sanin wannan wurin yana bukatar a bi tarihin kalmar tun daga bakin waɗanda suka fara rubuta ta.

Chippewa da Ojibwe kalma ɗaya ce da kunnuwa daban-daban suka ji. A harshen mutanen, wasalin farko na Ojibwe gajere ne kuma ba a dafa shi da ƙarfi, don haka baƙon da bai saba ba yakan ji kamar kalmar ta fara ne daga gaɓa ta biyu. Harufan j da b kuma a wannan harshe ba su da nisa da c da p kamar yadda suke a Turanci. Idan ka cire o ɗin farko, ka mai da j zuwa c, ka mai da b zuwa p, ka ga Chippewa ta fito. Kai da ka san yadda Sakkwato ta zama Sokoto a takardun Turawa ba za ka yi mamakin wannan ba. Faransawa, waɗanda su ne Turawan da suka fara cuɗanya da su, sun rubuta sunan da nasu ƙa'idar rubutu tun a shekarun 1660, da siffar Outchibouec da makamantanta. Ingilishi da Amurkawa suka zo suka yi ta rubuta Chippeway, Chippawa, Ojibway, Ojibwa, kowa da yadda ya ji. Limamin Katolika Frederic Baraga, wanda ya wallafa ƙamus ɗin harshen a 1853, shi kuma Otchipwe ya rubuta. Rubutun Ojibwe da ya fi yaɗuwa yanzu ya samu gindin zama ne tare da ƙa'idar rubutu mai ninka wasali da masanin harshe Charles Fiero ya tsara a shekarun 1950, wadda makarantun koyar da harshen a Minnesota da Wisconsin suke amfani da ita.

Game da ma'anar kalmar, fassarar da ta fi shahara tana danganta ta da takalminsu na fata mai laushi. Mai ɗinkin yakan tattare fatar gaban takalmin a kewayen wani ɗan ƙyallen fata da ke bisa ƙafa, ta yi ƙananan ninki a jere kamar bakin wandon da aka ja mazaginsa, kuma wannan ɗinki ya bambanta takalminsu da na maƙwabta har ana gane mutum da shi. Wata fassarar tana kai sunan ga kalmarsu ta rubutu ko zane, saboda fai-fan ɓawon itace da masu ilimin addininsu na gargajiya suke zana tarihi da waƙoƙi a kai. William Warren, ɗan wannan al'umma ta wajen uwa da aka haifa a garin La Pointe na Wisconsin a 1825, ya kawo ta uku a tarihin da ya rubuta, cewa sunan yana nufin gasa abu har ya yamutse, yana danganta shi da abin da ake yi wa abokan gaba a zamanin yaƙi. Masana da yawa ba su gamsu da wannan ta ƙarshe ba, ni ma ina tare da su, domin tana kama da labarin da aka ƙirƙira daga baya don a bayyana kalmar da asalinta ya riga ya tsufa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, da farko sunan na wani rukuni ɗaya ne da ke zaune kusa da gabashin tafkin Superior, babban tafkin da ke kan iyakar Amurka da Kanada, sannan a hankali, ta hanyar cinikin fatu da yarjejeniyoyi, ya rufe dukkan rukunonin da ke magana da harshe ɗaya.

Anishinaabe shi ne sunan cikin gida, jam'insa Anishinaabeg, harshen kuma Anishinaabemowin. Ana fassara shi da mutanen asali ko mutanen farko. Amma ya fi Ojibwe faɗi, domin Odawa da Potawatomi su ma suna kiran kansu da shi ko da ɗan'uwansa, kuma su ukun suna da tsohon ƙawance da ake kira majalisar wuta uku, inda ake ɗaukar Ojibwe a matsayin wa, Odawa na tsakiya, Potawatomi ƙane. Saboda haka duk Ojibwe Anishinaabe ne, amma ba duk Anishinaabe ne Ojibwe ba. Shugaban da ke cikin labarinka ya yi magana ne a matsayin ɗan gida, kuma idan ka canza kalmarsa zuwa Chippewa ka sa masa a baki abin da bai faɗa ba. Ka lura kuma cewa a gabashi, a Michigan da kudancin Ontario, za ka ji ana cewa Nishnaabe, wato wasalin farko ya sake faɗuwa, wannan karon a bakin masu harshen da kansu.

Akwai suna na huɗu da za ka iya cin karo da shi a labaran Kanada, wato Saulteaux, ana furta shi kusan Soto. Faransawa ne suka raɗa shi, ma'anarsa mutanen gangaren ruwa, saboda sun same su ne a inda ruwan tafkin Superior yake gudu bisa duwatsu zuwa tafkin Huron, wurin da ake kira Sault Sainte Marie a yau, su kuma suke kira Baawitigong. Jikokinsu da suka yi yamma suka zauna a filayen Manitoba da Saskatchewan har yanzu suna ɗauke da sunan gangaren da suka baro ɗaruruwan kilomita a baya. Yarjejeniya mai lamba uku da Kanada ta ƙulla da su a 1873 ta haɗa sunayen biyu, ta kira su rukunin Saulteaux na al'ummar Ojibbeway.

Za ka ga ana yawan cewa Chippewa na Amurka ne, Ojibwe na Kanada. Akwai gaskiya a ciki, amma kada ka riƙe shi a matsayin doka. A kudancin Ontario akwai al'ummomin da sunansu na hukuma yake ɗauke da Chippewa, kamar na Rama, na kogin Thames, na tsibirin Georgina da na Nawash. A Minnesota kuma rukunin Leech Lake da na Mille Lacs suna kiran kansu Ojibwe a allunansu da takardunsu, alhali dukansu suna cikin ƙungiyar da ake kira al'ummar Chippewa ta Minnesota, wadda ta haɗa rukunoni shida: su biyun, da Bois Forte, Fond du Lac, Grand Portage da White Earth. An kafa wannan ƙungiya ne bayan dokar sake tsara mulkin al'ummomin asali ta 1934. Red Lake ba ta shiga ba, tana zaman kanta. Wasu al'ummomin sun ajiye tsohon sunan sun koma ga sunan wurinsu da harshensu, kamar Aamjiwnaang da ke kusa da Sarnia a Ontario, waɗanda a da ake kira Chippewa na Sarnia. Wasu kuma sun riƙe shi da hannu biyu: Turtle Mountain a Dakota ta Arewa, Saginaw da Sault Sainte Marie a Michigan, Bad River, Red Cliff da Lac du Flambeau a Wisconsin, da Little Shell a Montana, waɗanda sai a Disamban 2019 gwamnatin tarayya ta amince da su bayan fafutukar da ta shafe tsararraki. A ƙidayar Amurka ta 2010, mutum 170,742 aka lissafa ƙarƙashin sunan Chippewa.

Me ya sa mutanen da suke da sunansu na gida suke riƙe da kalmar da kunnen baƙo ya lanƙwasa? A ganina nan ne zuciyar tambayarka take, kuma amsar tana cikin takardun yarjejeniya. Gwamnatin Amurka ta ƙulla yarjejeniyoyi da su a 1837, 1842 da 1854, kuma a kowacce sunan da aka rubuta shi ne Chippewa. A ta 1837 sun miƙa faffaɗan daji a yankin da ya zama Wisconsin da Minnesota, amma aka rubuta cewa suna da haƙƙin ci gaba da farauta, kamun kifi da girbin shinkafar ruwa a ƙasar da suka bayar. Shinkafar nan, da suke kira manoomin, ba ƙaramin abu ba ce a wurinsu. Tarihin bakinsu yana cewa kakanninsu sun taso daga bakin teku a gabas suna neman inda abinci yake tsirowa a kan ruwa. Har yau a ƙarshen Agusta da Satumba mutum biyu ke shiga kwalekwale, ɗaya a tsaye yana tura shi da dogon sanda, ɗayan a zaune da 'yan sanduna biyu, yana lanƙwaso kara da ɗaya yana kaɗe tsabar cikin jirgin da ɗayan, abin da ya faɗa ruwa kuma ya zama irin baɗi.

An yi ƙoƙarin kawar da su daga wannan ƙasa. A 1850 shugaba Zachary Taylor ya ba da umarnin a mai da su yamma, jami'ai kuma suka ɗauke wurin biyan kuɗin yarjejeniya daga La Pointe zuwa Sandy Lake da ke Minnesota, suka sa lokacin a bakin hunturu domin sanyi ya hana su komawa gida. Kuɗin bai zo a kan lokaci ba, abincin da aka raba ya lalace, kuma kimanin mutum 400 suka mutu da cuta, yunwa da sanyi, wasu a wurin, wasu a hanyar komawa. A 1852 shugabansu na La Pointe, wanda Turawa ke kira Buffalo, tsoho tukuf, ya kama hanya har Washintan ya kai kuka ga shugaba Millard Fillmore. Yarjejeniyar 1854 ce ta tabbatar musu da keɓaɓɓun yankuna a ƙasarsu ta gado a bakin tafkin Superior.

Fiye da shekara ɗari bayan haka, jihohi suna kama su idan sun yi kamun kifi a wajen yankunansu, kamar ba a taɓa rubuta komai ba. A 1974 wasu 'yan'uwa biyu na rukunin Lac Courte Oreilles, masu sunan Tribble, suka ƙetare iyakar yankinsu a kan tafkin da ya daskare, suka huda ƙanƙara suka yi kamun kifi da mashi, da gangan, domin a kama su a kai maganar kotu. A 1983 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa haƙƙin yana nan daram. Abin da ya biyo baya a arewacin Wisconsin a ƙarshen shekarun 1980 ba shi da daɗin ji: masu kamun kifi suna fita da dare da fitila a goshi, suna haska ruwa mara zurfi inda idon kifin ke ƙyalli, a bakin ruwa kuma taron jama'a na jifansu da duwatsu da zagi. Kamun kifi da wuta da dare tsohuwar sana'arsu ce, har sunan Lac du Flambeau da Faransanci yana nufin tafkin jiniya, wato wutar da ake riƙewa a hannu don haskawa, fassarar sunan da su suka ba wurin. A 1999 maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka a ƙarar da ke tsakanin jihar Minnesota da rukunin Mille Lacs, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu cewa alkawarin 1837 bai mutu ba. A kan takardar wannan hukunci an rubuta Chippewa, ko da yake mutanen da suka yi nasarar suna kiran kansu Ojibwe. Kalmar ita ce igiyar da ta ɗaure jikan da ke raye da kakan da ya sa hannu, shi ya sa lauyoyinsu da majalisunsu ba sa gaggawar kwance ta, kuma shi ya sa ban yarda da wanda ya ce maka raini ce ba.

Inda matsala take shi ne amfani da sunan ba tare da mutanen ba. Akwai kogunan Chippewa a Wisconsin, Minnesota da Michigan, akwai gundumomi masu wannan suna a jihohin uku, akwai garin Chippewa Falls, akwai takalman aiki da ake sayarwa da sunan, akwai gandun dajin tarayya a Minnesota da aka kafa a 1908 aka raɗa masa sunan a 1928, wanda babban ɓangarensa ya hau kan yankin Leech Lake. Yawancin wannan bai dami kowa ba. Amma akwai wanda yake da ciwo a ciki. A 1923 aka kammala madatsar ruwa a kan kogin Chippewa a Wisconsin ba da yardar mutanen Lac Courte Oreilles ba, ruwan ya shanye wani ƙauyensu, fadamun shinkafarsu da kaburburan iyayensu, sannan aka kira tafkin da ya taru da sunan Chippewa. Mai yawon shaƙatawa da ke kamun kifi a wurin a yau yana iya furta sunan sau goma a rana bai san abin da ke ƙarƙashin jirginsa ba.

Misalin Jami'ar Michigan ta Tsakiya yana nuna ɗaya fuskar. Ƙungiyoyin wasanninta suna amsa sunan Chippewa tun farkon shekarun 1940. A 2005 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta sa ta cikin jerin makarantun da za a hukunta saboda amfani da sunaye da siffofin 'yan asalin ƙasa, amma aka cire ta saboda al'ummar Saginaw, da ke zaune tare da ita a garin Mount Pleasant, ta ce ta amince. Jami'ar ta daina amfani da hoton kan mutum mai gashin tsuntsu da mashi tun kafin lokacin. A wannan garin dai gwamnati ta gudanar da makarantar kwana daga 1893 zuwa 1934, inda ake raba yara da iyayensu a hana su harshensu. Mutanen da aka yi wa haka su ne suke da ikon cewa a ara sunansu ko kada a ara, kuma ko a cikinsu ba kowa ne ya gamsu ba. Izinin Saginaw bai zama izinin Turtle Mountain ba, domin kowace al'umma gwamnati ce mai zaman kanta, da majalisarta da rajistar 'ya'yanta.

Su kansu, idan suna gabatar da kai a taro da harshensu, ba da Chippewa ko Ojibwe suke farawa ba. Mutum yakan yi gaisuwa da boozhoo ko aaniin, ya faɗi sunansa, ya faɗi doodem ɗinsa, wato zuriyar da ya gada ta wajen uba wadda ake alamta ta da dabba, tsuntsu ko kifi, sannan ya faɗi garin da ya fito. Daga wannan kalma ce Turanci ya samo totem. Mutum biyu masu doodem ɗaya 'yan'uwa ne ko da ɗaya daga Ontario yake ɗayan daga Minnesota, kuma a al'ada ba sa auren juna. Wannan ya nuna maka cewa manyan sunayen da muke muhawara a kansu sun fi amfani wajen magana da na waje.

Saura abubuwa biyu da mai rubutu da Hausa zai kiyaye. Na farko, kada ka rikita Chippewa da Chipewyan. Waɗannan mutanen daban ne, suna can arewa mai nisa a Kanada, a arewacin Alberta, Saskatchewan da Manitoba da yankin arewa maso yamma. Harshensu na dangin Dene ne, ba shi da alaƙa da dangin Algonquian da Ojibwe yake ciki, sunan kuma maƙwabtansu Cree ne suka ba su, su suna kiran kansu Denesuline. Na sha ganin an haɗa su a fassara saboda kamar haruffa kawai. Na biyu, wa ɗin da ke ƙarshen Chippewa ba irin na Katsinawa ko Kanawa ba ne, jikin kalmar ne, don haka kada ka ɗauke ta a matsayin jam'i ka je neman tilonta da ba- a farko kamar Bakatsine ko Bakano. Ka ce ɗan Chippewa, 'yar Chippewa, al'ummar Chippewa. Ina kuma roƙonka ka guji kiran su Indiyawan daji, wanda muka saba ji a bakin masu ba da labarin finafinai. Mutane ne masu kotuna, kwalejoji da makarantun da ake koyar da yara da harshensu zalla, kuma 'yan asalin Amurka ko 'yan asalin Kanada ya wadatar.

A labarin da ke hannunka, ka duba wace al'umma ake magana a kai, ka rubuta sunanta yadda ita ta rubuta shi: idan Bad River ce, Chippewa, idan Leech Lake ce, Ojibwe. Idan ana maganar mutanen gaba ɗaya ko harshensu, Ojibwe ya fi kusa da furucinsu kuma ya fi sauƙi a bakin Bahaushe, tunda muna da j da b amma ba mu da p. Idan ana maganar yarjejeniya, shari'a ko ƙidaya, ka bar Chippewa yadda takardar ta zo da shi. Maganar shugaban kuwa ka bar masa Anishinaabe ɗinsa, sai ka ƙara jimla ɗaya a farkon labarin da za ta gaya wa mai karatu cewa Ojibwe, waɗanda dokokin Amurka ke kira Chippewa, su ne suke kiran kansu da wannan suna.